Fushin Da Ba A Kai Gaban Allah Ba, Kan Na Ƙasa Yake Sauka

Wata ranar Talata ce cikin watan Afrilu, irin ranakun nan da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Kebbi, iska ma in ta kaɗo sai ka ji kamar daga bakin murhu ta fito. Na tashi daga makarantar da nake koyarwa a yankin Maiyama, na tsaya bakin titi fiye da awa guda ina jiran motar Jega. Da ta zo aka cusa mu kamar buhunan gero, ba mu yi nisa ba ta soma tari, ta mutu. Direba ya buɗe gaba ya duƙufa, mu kuma muka fito muka raɓe a inuwar wata bedi da ba ta ishe mu ba. Sabon wata ya kwana goma, albashi shiru. Duk motsin da waya ta yi sai in zaro ta da sauri ina zaton alat ne, in tarar da saƙon talla. Ban iso gida ba sai bayan la'asar. Babu wuta, randa ta kusa ƙafewa, ɗan garuwa bai zo ba. Ɗana, lokacin yana da shekara bakwai, ya rugo da kofin ruwa zai kawo mini, ya yi tuntuɓe da bakin tabarma, ruwan ya kife a kan takardun jarrabawar ɗalibai da na ajiye a ƙasa. Na ɗauke shi da mari.

Bai yi kuka nan take ba. Tsayawa ya yi yana kallona, kofin na hannunsa. Uwarsa ta fito daga madafi, ta kama hannunsa, ta ce, "Maigida, ruwa fa ya kawo maka." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta ja shi suka shige ɗaki.

Direban da motarsa ta mutu bai sha marin nan ba. Wanda ya riƙe albashi a ofis bai sha ba, wanda ya ɗauke wuta bai sha ba. Yaro mai shekara bakwai da ya ga ubansa ya dawo a gajiye ya ɗebo masa ruwa, shi ya sha. Hausawa sun gama magana da suka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Tun daga wannan rana nake juya al'amarin a raina, kuma abin da na tarar shi ya sa na ɗauki alƙalami: haushin da muke kwasowa a titi da tasha da ofis ba ya ɓacewa a hanya, gida muke kai shi, mu sauke a kan wanda ba ya iya ramawa. Ni Kirista ne, kuma na yi imani cewa babban aikin addu'a a rayuwar yau da kullum shi ne ta tare wannan kaya a bakin ƙofa, kafin ya shiga.

Ba maganar manyan masifu nake yi ba. Jiharmu ta gan su: ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa, sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021. Ranar irin wannan babu wanda ake koya wa addu'a, baki da kansa yake kiran Allah. Abin da ke cinye mu a hankali ƙanana ne. Ka yi layi wurin mai POS, sahu ya zo kanka ya ce babu sabis. Ɗan kamasho ya karɓi kuɗinka da alkawarin mutum ɗaya ya rage mota ta tashi, ka shafe awa biyu a zaune. Tela ya ce gobe, goben ta kai sati uku. Ka yi taransifa, kuɗi ya fita daga asusunka, mai shago ya ce bai gani ba, kaya kuma ba za su bar shagonsa ba. Wanda ya zauna Jega a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya san yadda mutum mai kuɗi a banki ya rasa naira 200 ta kabu-kabu, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa tsofaffin takardun kuɗi su ci gaba da aiki. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin motata na zuwa aiki ya ninka, albashi yana nan inda yake. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bai isa ya kashe mutum ba. Amma tara su kullum, wata da watanni, ka ga yadda suke mayar da mutumin kirki mafaɗaci.

Jega gari ne na mahaɗa tun asali. Tun bayan da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi a zamanin Daular Usmaniyya, kasuwarsa ta yi suna har fataken goro masu zuwa Gwanja suna yada zango a nan. Har yau hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri a nan suke haɗuwa. Garin da mutane ke haɗuwa kuwa gari ne na gogayya: kowa na sauri, kowa na ganin an tare masa hanya. Mu Kirista 'yan kaɗan ne a tsakanin Jega da Aliero da Maiyama. Akwai mu 'yan ƙasar Zuru da Yawuri da aiki ya kawo, akwai 'yan kasuwa Ibo da Yarabawa, ma'aikatan lafiya, 'yan sanda, da ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006. Wanda yake baƙo ko ɗan tsiraru yakan koyi haɗiye magana a waje. Wannan yana da kyau ga zaman lafiya, amma abin da aka haɗiye yana nan a ciki, kuma na sha ganin mutumin da duk unguwa ke yabon haƙurinsa alhali matarsa da 'ya'yansa sun san wata fuskar dabam.

Wanda ya fara nuna mini mafita maƙwabcina ne, Musulmi, mai sayar da hatsi, kuma bai san ya yi ba. Na taɓa zama a rumfarsa ana cacar baki tsakaninsa da wani dillali a kan awo, murya ta tashi har mutane sun fara taruwa. Sai aka kira sallar azahar. Ya ɗauki buta, dillalin ma ya ɗauki buta. Da suka dawo, maganar da ta kusa kai su gaban hukuma cikin minti biyar ta mutu. Na ce masa, "Alhaji, ina faɗan ya tafi?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ruwa ya taɓa fuska, goshi ya taɓa ƙasa. Sai hanƙuri." Na koma gida ina tunani. Maƙwabtana suna da zango biyar a yini da dole su ajiye abin da ke hannunsu su fuskanci Mahaliccinsu. Ni kuwa nakan yi addu'a da asuba, in yi da dare in barci bai riga ni ba, tsakanin nan awa goma sha biyar ina yawo da zuciyata ba linzami. Ranar Lahadi in tafi sujada in rera waƙa, ranar Litinin kafin ƙarfe goma na safe na riga na daka wa ɗalibi tsawa.

Da na koma Littafi Mai Tsarki sai na ga ashe ni ne na yi sakaci, tsarin yana nan tun da daɗewa. Daniyel, yana babban ma'aikaci a fadar sarkin da bai san Allahnsa ba, sau uku a yini yake hawa ɗakinsa ya durƙusa, kuma bai fara wannan ranar da aka ƙulla masa makirci ba, al'adarsa ce tun kafin nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka na yi wa kaina zango. In na ji kiran azahar daga masallacin da ke kusa da makaranta, nakan ajiye alli ko jan biro, in sunkuyar da kai minti biyu. In na sauka daga mota a Jega da yamma, ba na shiga gida kai tsaye. Akwai wani dakali a bakin lungunmu, nakan zauna a kai in faɗa wa Ubangiji abin da na kwaso a yinin, ɗaya bayan ɗaya, da sunansa, kafin in tura ƙofa. Yaran unguwa sun saba ganina a nan, suna zaton hutawa nake yi. Hutawar ce kuwa.

Sai kuma addu'ar tsakiyar wuta, wadda ba ta jiran zango. Wanda ya koya mini ita Nehemiya ne. Yana tsaye gaban sarki Artashate da ƙoƙon sha a hannu, sarki ya ga fuskarsa a ɓace ya tambaye shi abin da yake so, kuma littafin ya nuna cewa tsakanin tambayar sarki da amsarsa ya yi addu'a. Nawa ne tsawon wannan lokaci? Numfashi ɗaya. Bai rufe ido ba, bai durƙusa ba, sarki ma bai lura ba. Irinta nake yi yanzu idan ɗan kamasho ya faɗa mini baƙar magana, ko uban wani ɗalibi ya shigo ofis yana zagi. Kalmomina ba su wuce biyar ko shida ba: Ubangiji, riƙe mini bakina yanzu. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Numfashin nan guda shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka yi mini da abin da zan yi, kuma na gane cewa a cikin wannan 'yar tazara ake zama Kirista ko a kasa zama.

Akwai abin da ya daɗe yana hana ni cin moriyar addu'a, ina kuma ganinsa a wurin 'yan'uwa da yawa. Mun ɗauka gaban Allah wurin ladabin baki ne kawai. Mutum yana tafasa a ciki, amma in ya durƙusa sai ya jero kalmomin da ya haddace tun yana makarantar Lahadi, ya ce amin, ya tashi da kayansa yadda ya zo da su. Mutanen da ke cikin Littafi ba haka suka yi ba. Hannatu, da kishiyarta Feninna ta ishe ta da gori a kan rashin haihuwa, ta tafi Shilo ta zazzage cikinta gaban Allah har Eli firist ya zaci buguwa ta yi. Wace mace ce a ƙasar nan ba ta san zafin gorin kishiya ko na dangin miji ba? Daga cikin Zabura 150, masu yawa kuka ne da ƙorafi, ta 88 ma har ta ƙare babu wata kalmar sanyaya zuciya, kuma an bar ta a cikin Littafi yadda take. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Yunusa. Bayan duk abin da ya gani a teku da Nineba, abin da ya sa shi fushi har yana roƙon mutuwa wani ɗan tsiro ne da ya yi masa inuwa, tsutsa ta cinye shi, rana ta buge shi a ka. Duk wanda ya tsaya a bakin titin Maiyama da tsakar rana cikin Afrilu ya san wannan fushi. Allah kuwa bai kore shi ba. Tambayarsa ya yi, ya saurari amsarsa mai zafi, sannan ya nuna masa inda hankalinsa ya kauce.

Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma ina ganin babbar ni'ima ce mu da muke addu'a da wannan harshe, domin Hausa ta rarrabe ciwon zuciya dalla-dalla. Haushi dabam, takaici dabam, ɓacin rai dabam, ƙunci dabam, baƙin ciki dabam. In na zauna a dakalin nan nakan tilasta wa kaina in zaɓi kalmar da ta dace. Sau da yawa sai in tarar abin da na kira fushi tsoro ne: tsoron kuɗin haya, tsoron kuɗin makarantar yara. Wani lokaci kunya ce, don an muzanta ni gaban ɗalibaina. Da zarar na kira abin da sunansa na gaskiya gaban Wanda ya riga ya sani, sai in ji ya rage nauyi, kuma sai in ga sarai cewa matata ba ta da hannu a ciki.

Jarrabawa mafi tsanani da wannan hanya ta sha a wurina a Aliero ta faru. Kowa ya san Aliero da albasa. Lokacin girbi, wajen ƙarshen rani, takan yi arha, masu hali su saya su zuba a rudu, su jira damina ta yi nisa farashi ya tashi. Wata shekara na tattara abin da na daɗe ina tarawa, matata ta ƙara da kuɗin adashinta, muka haɗa hannu da wani manomi da muka daɗe da sani, aka zuba mana albasa a rudunsa. Lissafi na yi ta yi a takarda: kuɗin makaranta, gyaran rufin ɗaki, keken ɗinki. Da lokacin fitarwa ya yi aka buɗe, warin da ya tarbe mu ya isa labari. Danshi ya shiga, fiye da rabi ta ruɓe, ta zama ruwa baƙi. Na tsaya ina kallo, ƙafafuna suna rawa.

A mota ina komawa Jega, zuciyata ta gama yanke hukunci: cutata aka yi. Manomin ya sayar da mai kyau ya bar mini ruɓaɓɓiya. Na faɗa wa wani ɗan'uwa a coci, shi kuma ya ce aikin maƙiya ne, ya gayyace ni wani kwanan addu'a inda ake kiran wuta a kan duk mai hannu cikin asarar mutum. Na je. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi a daren. Ihu muka yi ta yi har asuba, kowa na aika wa magabcinsa da halaka, ni ma fuskar manomin nan ce a idona. Na fito da muryata a dishe, zuciyata kuma ta fi yadda na shiga zafi. Kwana uku ban iya cin abinci sosai ba, na yi wa matata faɗa a kan gishiri.

A nan nake da magana da shugabanninmu na ikilisiya, kuma da girmamawa nake yin ta. Irin wannan addu'a tana yaɗuwa a cikinmu, tana shigowa ta wayoyi da tashoshin talabijin, matasanmu na jami'a suna ɗaukarta da zafi. Tana koya wa mutum cewa duk abin da ya same shi akwai wani a bayansa: gwaggo a ƙauye, abokin aiki, maƙwabci. Mai wannan addu'a yakan tashi daga gwiwarsa da jerin waɗanda yake zargi. A wurin da muke zaune tsakiyar maƙwabta da ba addininmu ɗaya ba, wannan guba ce, domin zargi ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Na san za a ce mini ai Dawuda ma ya roƙi Allah a kan maƙiyansa. Gaskiya ne, ya roƙa, da kalmomi masu zafi kuwa. Amma Dawudan nan ne ya sami Saul a cikin kogo, wuƙa na hannunsa, ya yanki gefen riga kawai ya bar shi da rai. Ya miƙa shari'ar ga Allah, ya cire hannunsa. Yesu Almasihu kuma, wanda muke amsa sunansa, abin da ya umarce mu a kan dutse shi ne mu yi wa masu cutar da mu addu'ar alheri. Umarni ne mai wuya, na sani, amma ban ga inda aka soke shi ba.

A rana ta huɗu na zauna a dakalina na gwada. Na ambaci sunan manomin, na ce Ubangiji ya albarkaci gidansa. Bakina ya faɗa, zuciyata ta ƙi. Na sake washegari. Wajen kwana na shida sai wata tambaya ta faɗo mini wadda fushi ya hana ni yi tun farko: shin tasa albasar fa? Na hau mota na koma Aliero. Na same shi zaune a ƙofar gida ya rame. Rudunsa uku ne, duk abin da ya sami nawa ya same su, asararsa ta ninka tawa sau da yawa, ga bashin taki a kansa. Ya ce, "Malam, kunyarka ta hana ni zuwa. Amana ka ba ni." Muka zauna muka yi shiru. Da na bi zuciyata ta ranar farko, da na kai ƙarar mutumin da ruwan sama ya cuta kamar yadda ya cuce ni, da kuma na ɓata zumuncin shekaru a garin da kowa ya san kowa. Kuɗin bai dawo ba. Keken ɗinkin sai bayan shekara biyu aka saya. Har yau muna hulɗa da shi, kuma duk girbi sai ya aiko mana da albasar miya.

Mutanen Aliero sun shahara da wani abu bayan albasa, wato ɗori. Daga nesa ake kawo masu karaya. Na taɓa raka wani ɗalibina da ya faɗo daga babur, na ga yadda ake yi. Kafin mai ɗori ya taɓa ƙashin, sai an sami masu ƙarfi sun riƙe yaron, domin in yana fizge-fizge ba za a iya daidaita komai ba. Ana riƙe da shi yana ihu, ba wanda ya hana shi ihun, amma ba a sake shi ba. Abin da addu'a take yi mini ke nan a ranar takaici. Ba ta hana ni jin zafi, riƙe ni take yi har a daidaita abin da ya goce.

Akwai ƙorafin da nake ji daga matasa masu ilimi, kuma ban raina shi ba. Suna cewa wannan ai maganin barci ne. An hana ka haƙƙinka, an ce ka je ka yi addu'a. Hanya ta lalace, an ce sai haƙuri. Da haka masu cin amana suke samun sakewa. Akwai gaskiya a ciki. Na ga inda aka mayar da "sai haƙuri" murfin rufe bakin wanda aka zalunta, a coci da wajen coci. Amma Littafin da nake karantawa bai koya mini haka ba. Bulus da Sila sun kwana suna addu'a da waƙa a kurkukun Filibi, da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye, Bulus ya ƙi fita. Ya ce an doke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba alhali suna da 'yancin Romawa, sai mahukuntan sun zo da kansu. Suka kuwa zo suka ba da haƙuri. Mutumin da ya kwana yana addu'a shi ne ya tashi ya nemi haƙƙinsa da safe, da hankalinsa a kwance.

Na gwada wannan da kaina. An taɓa yin tantance ma'aikata, sunana ya faɗi daga takardar albashi, wata uku ban ga ko sisi ba. Zuwana na farko ofishin da abin ya shafa, da fushi na shiga, na ɗaga murya, magatakardan ya rufe fayil ya ce in dawo wani sati. Zuwa na biyu na tsaya a bakin ƙofa na yi addu'ar Nehemiya. Na shiga na gaishe shi yadda ya kamata, na ajiye takardun kama aiki da na ƙarin girma a jere, na faɗa masa cewa ba zan daina zuwa ba sai an gyara, na kuma rubuta wa ƙungiyarmu ta malamai. Sau biyar na je. Aka gyara, aka biya ni bashin. Ban rage ko kalma ɗaya daga haƙƙina ba, abin da ya ragu shi ne zagin da zai ba shi hujjar yin watsi da ni. Mai fushi saurin gajiya gare shi, yakan yi ihu sau ɗaya ya tafi. Wanda ya sauke fushinsa a gaban Allah shi ke iya komawa sau biyar.

Wani abu kuma da bai kamata a ɓoye ba: jiki yana da nasa haƙƙin. Sa'ad da annabi Iliya ya gudu daga Yezebel ya kwanta a jeji yana cewa ya gaji da rai, abin da Allah ya fara aiko masa abinci ne da ruwa, aka bar shi ya yi barci, aka sake ciyar da shi, sannan aka yi magana. Yawancin faɗan da na yi a gidana da yunwa da rashin barci a cikinsa. Wanda kansa ke yawan ciwo, zuciyarsa na bugawa, abu kaɗan ya harzuƙa shi, ya yi addu'a, ya kuma je asibiti a auna jininsa. Hawan jini ba ya jin kunyar dattijon ikilisiya.

Komawa ga ɗana. A daren marin nan na kasa barci. Musa ya faɗo mini a rai, mutumin da ya jure gunagunin jama'a shekara da shekaru, rana ɗaya a Meriba haushi ya kwashe shi ya bugi dutse da sanda, abin ya jawo masa rashin shiga ƙasar alkawari. Da asuba na tashi yaron, na zaunar da shi, na ce, "Jiya na yi maka laifi. Ba kai ka ɓata mini rai ba. Ka yafe mini." A al'adarmu uba ba ya faɗin haka, na sani, wasu dattawa ma za su ce na zubar da girma. Ya dube ni ya ce, "Baba, takardun sun bushe?" Sun bushe. Yanzu ya shiga sakandare. Kwanan baya ƙanwarsa ta yaga masa littafi, na gan shi ya ɗaga hannu, sai ya tsaya, ya ja numfashi, leɓɓansa suka motsa, ya sauke hannun ya fita waje. Ban taɓa zaunar da shi na koya masa ba. A dakali ya gan ni.

Ba na cewa na gama warkewa. Makon jiya ma na ɗaga wa wani ɗan kabu-kabu murya a kan canjin naira 100, sai da na bi shi na ba shi haƙuri. Amma gidana ya canza, matata ce shaida, kuma ɗalibaina sun daina yin tsit in na shigo aji ranar da albashi ya makara.

Roƙona ga fastocinmu na Jega da Aliero da Maiyama shi ne a rage kwanan addu'ar farautar maƙiya, a koya wa jama'a addu'ar numfashi guda da za su iya yi a layin POS da cikin motar haya. Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku da kuka fi kowa sanin abin da ke faruwa a bayan ƙofofi, ku sa wannan magana cikin taronku, ku kuma faɗa wa mazan da suka saba sauke kaya a kanku gaskiya. Maƙwabtana Musulmi, na gode da abin da na koya a rumfar hatsi. Kai kuma ɗan'uwa magidanci da za ka sauka daga mota yau da yamma da kaya a zuciya, ka nemi dakali kafin ka tura ƙofa. Akwai yaro a ciki da zai rugo ya kawo maka ruwa.